Taswirar Climate Central a hannun mazauna gaɓar teku: abin da take nunawa da abin da ta yi shiru a kai

Duk garin da yake bakin teku, da zarar filaye sun fara tsada ba a daɗewa sai mazauna su rabu a kan tambaya guda, wato ina za a bari a yi gini, ina kuma za a bar wa ruwa da yashi da itatuwa wurinsu. Masu filaye suna son su sayar ko su gina, matasa suna hangen aikin da otal ko rukunin gidaje zai kawo, ƙaramar hukuma tana lissafin haraji, masunta da tsofaffin mazauna kuma suna tuna inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya yi ɓarna. A 'yan shekarun nan taswirorin intanet sun shigo cikin wannan muhawara, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ɗagawa a tarurruka ita ce Coastal Risk Screening Tool, wadda ƙungiyar Climate Central take gudanarwa. Ƙungiya ce ta masana kimiyya da 'yan jarida, ba ta neman riba, mazauninta yana Princeton a jihar New Jersey ta Amurka. Na yi amfani da taswirar na tsawon lokaci, na gwada ta a kan gaɓoɓin da tarihinsu yake a rubuce, kuma hukuncina shi ne ta cancanci a buɗe ta a farkon kowace tattaunawa irin wannan, amma duk wanda ya yanke hukunci a kan fuloti ɗaya da ita kaɗai ya ɗora mata nauyin da ba a yi ta don ɗauka ba.

Shiga cikinta ba shi da wahala. Kyauta ce, ba a neman rajista, kuma tana buɗewa a waya kamar yadda take buɗewa a kwamfuta, ko da yake a babban allo aka fi ganin daɗinta. Mutum ya rubuta sunan gari, taswira ta kai shi can, sai ya ga an shafa ja a kan duk ƙasar da aka yi hasashen za ta kasance ƙasa da matakin ruwa a shekarar da ya zaɓa. Yana iya matsar da shekara daga 2030 zuwa 2050 har zuwa 2100, yana kallon jan yana faɗaɗa. Yana iya zaɓar ko hauhawar teku kaɗai yake son gani, ko a haɗa da ambaliyar da ake sa ran aukuwarta sau ɗaya a shekara. Akwai zaɓin yadda duniya za ta yi da hayaƙin da ke ɗumama yanayi, daga rage shi da gaggawa zuwa barinsa yadda yake tafiya, akwai kuma zaɓin ko za a ɗauki matsakaicin hasashe ne ko mafi sauƙi ko mafi muni. Waɗannan zaɓuɓɓuka su ne ƙarfin taswirar, kuma zan dawo kansu domin su ne kuma ƙofar da aka fi bi wajen yin wasa da hankalin jama'a.

Kafin a yi mata adalci sai an san matsalar da ta zo warwarewa. A watan Fabrairu na shekarar 2000 kumbon Endeavour na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya yi kwana 11 yana kewaya duniya yana auna tsayin doron ƙasa da na'urar rada, aikin da aka sani da SRTM. Wannan awo shi ne ya zama abin dogaro ga mafi yawan ƙasashen da ba su da kuɗin yin nasu. Sai dai rada tana auna abin da ta fara cin karo da shi daga sama, saboda haka a daji saman bishiyoyi take ɗauka, a birni kuma rufin gidaje, ta lissafa su a matsayin ƙasa. Sakamakon haka gaɓoɓin teku suka fito sama da yadda suke da kimanin mita 2 a matsakaici, a cikin birane masu cunkoso kuma kuskuren ya haura mita 4. A harkar da santimita 50 take raba busasshen ɗaki da wanda ruwa ya shiga, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, kuma duk ya karkata ne gefe ɗaya, gefen da yake kwantar wa mutane hankali. Masana biyu na Climate Central, Scott Kulp da Benjamin Strauss, sun horar da kwamfuta ta gane wannan kuskure ta rage shi, ta hanyar kwatanta awon rada da ingantaccen awon da aka yi da hasken leza daga jirgin sama, suka fitar da sabon ma'aunin tsayi mai suna CoastalDEM. Binciken da suka wallafa a mujallar Nature Communications a watan Oktoba na 2019 ya ninka tsohon ƙiyasi kusan sau uku, kuma rahoton da ƙungiyar ta fitar tare da shi ya ce mutane kimanin miliyan 300 suna zaune a ƙasar da za ta kasance ƙasa da matakin ambaliyar shekara-shekara nan da 2050, alhali tsohon awo ya ba da ƙasa da miliyan 80. Mafi yawansu suna ƙasashe shida na Asiya: Sin, Bangaladash, Indiya, Biyetnam, Indunusiya da Tailan.

Wannan aiki ne na gaske, kuma ina ganin ya kamata a yaba masa ba tare da rowa ba. Kafin zuwansa, mazaunin ƙaramin gari a ƙasa matalauciya da wuya ya sami ingantacciyar hanya ta ganin inda unguwarsa ta faɗa a cikin hasashen da ake ta magana a kai. Alƙaluman kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, suna nan a rubuce: teku ya hau da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, saurin hawansa ya tashi daga milimita 1.3 a shekara a farkon wannan zango zuwa milimita 3.7 a shekara tsakanin 2006 da 2018, kuma nan da 2100 ana sa ran ƙarin santimita 28 zuwa 55 idan aka rage hayaƙi matuƙa, ko santimita 63 zuwa mita ɗaya da ɗoriya idan aka ci gaba da ƙara shi. Amma milimita ba ta motsa zuciyar kowa a taron unguwa. Abin da yake motsa mutane shi ne su ga makarantar 'ya'yansu da hanyar da suke bi zuwa asibiti a cikin ja, domin gani ya kori ji. Na lura cewa idan aka haska taswirar a gaban jama'a, maganar takan sauka daga zargin juna zuwa tambayoyi masu amfani, kamar wace hanya ce za ta fara yankewa, da kuma inda ruwan zai tafi idan aka cike wancan kwarin aka yi gini a kai. Samun hoto guda da ɓangarori biyu za su duba tare babban abu ne a wurin da kowa ya zo da nasa labarin.

Iyakarta ta farko tana cikin girman awon. A yawancin duniya kowane ɗigo na taswirar yana wakiltar fili mai faɗin kimanin mita 30 da tsawon mita 30, wato murabba'in mita 900, wanda yakan fi fulotin gida girma, kuma tsayi ɗaya aka ba wa dukan wannan fili. Ga shi kuma tsayin da kansa ƙiyasi ne da aka gyara, yana iya kaucewa sama ko ƙasa a wuri guda ko da matsakaicinsa a faɗin yanki ya yi daidai. A Amurka da wasu ƙasashe ƙalilan da suke da awon leza taswirar ta fi kaifi, amma a sauran wurare layin da ya raba ja da fari bai kai a kafa turaku a kansa ba. Ƙungiyar ba ta ɓoye wannan ba, tun daga sunan taswirar ta nuna cewa ta tantancewa ce ta farko, kuma bayanan da ke tare da ita sun ce a yi amfani da ita wajen gano wuraren da suke buƙatar bincike mai zurfi. Matsalar ita ce mai fili da ya ga fulotinsa ya tsira da ɗigo ɗaya yakan riƙe wannan a matsayin shaida, makwabcinsa da ya faɗa cikin ja da ɗigo ɗaya kuma yana iya rasa mai saye, alhali dukansu biyu suna cikin kuskuren awo. Safiyo da na'urarsa a kan filin ne kaɗai zai iya raba wannan gardama.

Iyaka ta biyu ita ce ta fi damuna, domin ita ce ta shafi ainihin abin da mazauna suke jayayya a kai. Taswirar tana aiki ne kamar an zuba ruwa a daro: a ɗaga matakin ruwa, a duba wace ƙasa ce take ƙasa da shi, a shafa mata ja. Ta ɗauki siffar gaɓa a matsayin abin da ba ya motsi. Gaɓar yashi kuwa kullum cikin motsi take, igiyar ruwa tana kwasa nan tana zubawa can, kuma zaizaya tana cin gidajen da suke sama da matakin ambaliya nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam aka wallafa a 2018 ya gano cewa kashi 24 cikin ɗari na gaɓoɓin yashi na duniya suna ja da baya da fiye da rabin mita a shekara, kashi 28 suna ƙaruwa, kashi 48 suna nan daram. Babu ko ɗaya daga cikin wannan motsi a cikin taswirar. Ginin Le Signal da ke Soulac-sur-Mer a kudu maso yammacin Faransa misali ne da ya kamata duk kwamitin unguwa ya sani. An gina shi a 1967 a kan tudun yashi, kimanin mita 200 daga ruwa, tazarar da a lokacin ba wanda zai kira ganganci. A farkon 2014 hukuma ta kwashe mazaunansa saboda gefen tudun ya iso 'yan mitoci daga ginin, suka shafe shekaru suna neman diyya, aka rushe shi a 2023. Ruwa bai taɓa hawowa ya cika ɗakunansa ba, ƙasar da yake tsaye a kai ce teku ya kwashe. Gini irin wannan yana iya fitowa fari tas a taswirar da take auna tsayi kawai, kuma mai niyyar gina otal a kan tudun yashi zai yi farin ciki da wannan farin.

Haka kuma taswirar ba ta iya hango abin da hannun mutum zai yi wa gaɓa, wanda sau da yawa ya fi hauhawar teku sauri. A birnin Saint-Louis na Senegal akwai siririn zirin yashi mai suna Langue de Barbarie da ya raba Kogin Senegal da Tekun Atilantika. A watan Oktoba na 2003, da ambaliyar kogi ta yi barazana ga birnin, hukumomi suka haƙa wata kafa mai faɗin mita 4 a zirin domin ruwa ya fita. Birnin ya tsira a wannan karon, amma kafar ta ci gaba da buɗewa har ta kai kilomitoci, ruwan gishiri ya shiga gonaki, ƙauyen Doun Baba Dièye ya watse. Babu hasashen hauhawar teku da zai nuna wannan, domin shawarar dare ɗaya ce ta jawo shi. Irin wannan yana faruwa a ƙaramin mataki a ko'ina: wanda ya gina katangar kankare a gaban gidansa yana tura ƙarfin igiya zuwa gaban gidan makwabcinsa, shingen duwatsu na tashar jirgin ruwa yana tare yashin da ya saba tafiya gefen gaɓa sai ɗaya gefen ya rame, tifofin da suke ɗibar yashi don gini kuma suna kwashe garkuwar garin da za a yi ginin a cikinsa. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa duniya tana amfani da tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa kowace shekara, kuma wani ɓangare nasa daga gaɓoɓi da bakunan koguna yake fitowa. Mazauna suna da iko a kan waɗannan abubuwa fiye da yadda suke da iko a kan hayaƙin duniya, kuma abin takaici ne cewa abin da suke da iko a kansa shi ne taswirar ba ta nuna musu.

Ga kuma nutsewar ƙasa. A arewacin birnin Jakarta na Indunusiya akwai unguwannin da aka auna suna lotsawa har santimita 25 a shekara, galibi saboda zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatse, wato fiye da ninki sittin na saurin hauhawar teku, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin Indunusiya ta sanar a 2019 cewa za ta ɗauke babban birni daga Jakarta. Tokyo ta sha irin wannan matsala a ƙarni na ashirin, ta shawo kanta da ta taƙaita zuƙar ruwan. Hasashen da taswirar take dogaro da shi na yanki ne mai faɗi, ba zai kama lotsawar unguwa guda da aka gina a kan ciko ba, balle wadda ba a riga an gina ba. Duk sabon rukunin gidaje da za a kafa a kan taɓo ko fadamar da aka cike, ya kuma dogara da burtsatse, yana rage tsayin ƙasarsa da kansa, saboda haka tambayar daga ina za a sami ruwan sha tana cikin tambayoyin ambaliya ko da ba ta yi kama da su ba.

Domin adalci, kuskuren ba gefe ɗaya yake tafiya ba. Akwai inda jan ya wuce gaskiya, saboda bayanan katangu da madatsun kariya ba su cika ba, musamman a wajen Amurka, kuma kasancewar ƙasa a ƙasan matakin teku ba ya nufin tana cikin ruwa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da matakin teku, mutane suna zaune a busasshe saboda ganuwa da famfuna da kuɗin da ake kashe musu ba fashi. Masu kare muhalli da suke ɗaga hoton ja suna cewa gari zai nutse nan da 2050 suna faɗin abin da taswirar ba ta faɗa ba, musamman idan zaɓin da suka yi na ambaliyar shekara-shekara ne, wadda take zuwa ta janye. Ina tare da su a yawancin abin da suke nema, shi ya sa nake ganin wannan zuzutawa tana cutar da su: ranar da wani injiniya ya tashi ya nuna cewa hoton bai lissafa katangar da kowa yake gani da idonsa ba, sauran hujjojinsu masu ƙarfi sukan faɗi tare da shi. Ita ma katangar tana da nata darasin, wanda New Orleans ta Amurka ta koya a 2005 lokacin guguwar Katrina, da shingayenta suka fashe ruwa ya mamaye kimanin kashi 80 cikin ɗari na birnin. Kariya takan jawo ƙarin gini a bayanta, ƙarin ginin kuma yana ƙara girman asara ranar da ta gaza.

Abin da ya fi kowane rashi a taswirar girma, ga mai son auna gini da muhalli, shi ne ba ta ba wa halittu wata daraja. A wurinta fadama da filin ajiye motoci ɗaya suke muddin tsayinsu ɗaya ne. Bishiyoyin mangurof, waɗanda suke tsirowa a cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje, an auna cewa zirin mita 100 nasu yana rage tsayin igiya da kashi 13 zuwa 66 cikin ɗari, gwargwadon kaurinsu da irin igiyar. Wani bincike na 2020 ya ƙiyasta cewa suna kare dukiyar da ta haura dala biliyan 65 daga ambaliya kowace shekara, kuma da za a rasa su da ƙarin mutane miliyan 15 za su riƙa shiga ambaliya a shekara. Su ne kuma wurin renon ƙananan kifaye da jatan lande da masunta suke rayuwa a kai. Idan aka sare su aka zuba ƙasa aka ɗaga wurin da mita biyu, sabon awo zai nuna filin ya fita daga ja, kamar an sami ci gaba, alhali unguwar da take bayansa ta rasa garkuwarta kuma ruwan da fadamar take shanyewa ya koma neman hanya a titunanta. Wannan ita ce hujjar da masu ciko suka fi so, kuma taswirar ba ta da abin da za ta mayar musu da shi.

Saboda haka ban ga amfanin buɗe ta ita kaɗai ba, kuma abokan tafiyarta biyu su ma kyauta ne. Na farko shi ne Google Earth Pro, shirin kwamfuta na kallon hotunan doron ƙasa daga sama, wanda ya zama kyauta tun 2015, yana da wurin jan lokaci baya a ga tsofaffin hotunan wuri guda, da ma'aunin tazara. Da shi mazauna za su iya auna da kansu mita nawa gaɓarsu ta ja baya a shekara goma ko ashirin. Akwai abin kiyayewa a nan: an ɗauki hotunan a lokuta daban-daban na cikar teku da janyewarsa, saboda haka bakin ruwa ba abin dogaro ba ne, gara a bi layin farko na ciyayi ko gefen tudu ko wani tsohon gini. Na biyu shi ne Global Mangrove Watch, wanda yake nuna inda mangurof yake da inda aka rasa shi tun daga 1996, kuma ƙiyasinsa na 2020 ya ba da kimanin murabba'in kilomita 147,000 a duniya, bayan raguwar kashi 3.4 cikin ɗari. Idan aka jera ukun, ɗaya ya nuna inda ruwa zai iya hawa, ɗaya ya nuna inda ƙasa take tafiya, ɗaya ya nuna abin da yake tsakanin gari da igiya, kwamitin unguwa ya sami abin da zai shiga ofishin tsara gari da shi ya nemi a yi cikakken binciken tasirin aikin ga muhalli kafin a ba da izinin gini.

Awon ja da bayan gaɓa yana da wata fa'ida da jan taswira ba shi da ita, wato ana iya mayar da shi doka da kowa zai fahimta. Faransa ta kafa dokar gaɓar teku a 1986 wadda ta hana gini a cikin mita 100 daga bakin ruwa a wajen wuraren da aka riga aka gina. Jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta bi hanyar da na fi gamsuwa da ita: ƙaramin gini sai ya ja baya da ninki 30 na abin da zaizaya take ci a shekara a wannan wurin, ba ƙasa da ƙafa 60 ba, ana aunawa daga layin farko na tsayayyun ciyayi, manyan gine-gine kuma ninkinsu ya fi haka. Wannan tsari yana barin gini inda gaɓa take tsaye, yana tura shi baya inda take gudu, kuma mai fili yana iya duba lissafin da kansa. Amma jihar nan ita ce kuma ta nuna yadda hasashe yake zama fagen fama idan dukiya ta shiga ciki. Da kwamitin masananta ya ba da shawara a 2010 cewa a yi shiri don hauhawar kimanin mita ɗaya nan da 2100, masu harkar filaye da wasu ƙananan hukumomin gaɓa suka tashi tsaye, majalisar jihar ta yi doka a 2012 da ta dakatar da amfani da wannan hasashe wajen tsara dokokin gini na wasu shekaru, daga baya aka taƙaita hangen zuwa shekara 30. Tsoronsu ba na banza ba ne, domin layi a taswira yana iya rage darajar gida, ya ɗaga kuɗin inshora, ya hana banki ba da bashi, kuma ga iyalai da yawa gidan shi ne dukan abin da suka tara. Sai dai tun daga 2020 gidaje suna faɗawa cikin teku a ƙauyen Rodanthe na wannan jihar, tarkacensu yana bazuwa a gaɓar da masu yawon buɗe ido suke zuwa dominta.

Wannan ya dawo da ni kan zaɓuɓɓukan da na ambata a farko. Da taswira guda, wuri guda, mutum yana iya fitar da hoton da kusan babu ja a cikinsa idan ya zaɓi 2030 da rage hayaƙi da hasashe mafi sauƙi, wani kuma ya fitar da wanda ya rine da ja idan ya zaɓi 2100 da ambaliya da hasashe mafi muni, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Da zarar an ɗauki hoton allo an tura shi a waya, zaɓin da aka yi yakan ɓace, ja ko fari kaɗai yake isa ga mai karɓa. Da ina da abin da zan roƙi masu taswirar, da na roƙi su sa gargaɗin zaizaya a kan fuskar taswira a duk inda gaɓar yashi ce, domin mutane ƙalilan ne suke buɗe shafin bayani. A ɓangaren mazauna kuwa, ya kamata tun kafin a buɗe taswirar a amince da shekarar da za a duba, kuma a zaɓe ta gwargwadon tsawon ran abin da za a gina: rumfar katako da za a iya ɗagawa ba ta buƙatar hangen 2100, amma asibiti ko magudanar ruwa ko bene mai hawa goma da zai yi shekara 70 yana tsaye bai kamata a auna shi da 2030 ba. Duk hoton da aka kawo taro a rubuta a jikinsa shekara da irin ambaliya da irin hasashen da aka zaɓa, kuma a ajiye na matsakaici da na mafi muni gefe da gefe, domin mai gidan hutu yana iya karɓar kasadar da bai dace a ɗora wa hanya ɗaya tilo da dukan gari yake fita ta kanta ba.